Koyon Gina Manhajar Kwamfuta: Yau Da Gobe Ke Sa Allura Ginin Rijiya

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibirin Gobir, ya wuce mararrabar Maraɗi ya miƙe zuwa Cadawa da Agiye har ya dangana da Gazawa, ba sai an gaya masa cewa zamani ya sauya ba. A kowace tasha akwai mai teburin cajin waya, akwai shagon aika kuɗi, kuma da wuya ka tarar da fadar samari da ba a sunkuye ake kan wayar salula ba, ana jiran shayi ya nuna. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, a cikin waɗannan matasa akwai waɗanda kallon bidiyo da hira suka daina isarsu. So suke su san yadda ake ƙera abin da ke cikin wayar, wato manhaja, domin su ma a wayi gari sun ƙera tasu.

Mu da muke aiki a gidan rediyo muna yawan jin muryarsu, musamman ƴan makarantar da suka samu bak da waɗanda suka tsaya a hanya. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Wane yaren kwamfuta ya fi kawo kuɗi? Wace irin kwamfuta ya kamata in saya? Ina ake ba da horo kyauta, kuma ana ba da takardar shaida? Babu laifi a cikin waɗannan tambayoyi. To amma akwai wadda ba safai ake yin ta ba, alhali a nan ne gizo ke saƙa: idan na fara, yaya zan yi in ɗore? Domin kuwa abin da ke raba mai sha'awa da magini shi ne ɗorewa, kuma a kan wannan ne za mu tattauna da mai karatu a yau.

Masu farawa da yawa, masu ƙarasawa kaɗan

Kada matashin Gangara ko na Cadakori ya ɗauka shi kaɗai ne yake fara darasi ya watsar. Matsalar ta duniya ce. A shekarar 2019 wasu masana biyu na jami'ar MIT ta Amurka sun fitar da sakamakon bincike a mujallar Science a kan darussan da jami'o'in MIT da Harvard suke bayarwa ta intanet. Sun gano cewa a zangon karatu na 2017 zuwa 2018, kashi 3 da ɗan ɗoriya ne kawai cikin 100 na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshen darasin. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai a ƙasashe masu arziki suke, wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma kamar ruwan famfo. Ke nan rashin kayan aiki ba shi kaɗai ne ke kayar da mutane ba.

Ita ma kasuwar aikin ba ta da sassauci ga wanda ya tsaya a farko. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horar da matasan Afirka su yi wa kamfanonin waje aiki, ya sallami ƙananan maginan manhaja kimanin 400 a watan Satumba na 2019 a ƙasashen Nijeriya da Kenya da Uganda. Dalilin da ya bayar shi ne masu ba da aiki sun fi buƙatar ƙwararrun da suka daɗe suna yi. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT da ire-irensa, ƙananan ayyukan da a da ake bai wa ɗan koyo, na'ura na iya rubuta su cikin ƙiftawar ido. Wanda zai ci abinci da wannan sana'a shi ne wanda ya fahimci abin da aka rubuta, ya gane inda kuskure yake, ya kuma iya gyarawa. Wannan kuwa ba a samunsa a horon kwana biyar.

Akwai wani masani Ba'amurke mai suna Peter Norvig, wanda ya daɗe yana jagorantar sashen bincike a kamfanin Google. Fiye da shekaru 20 da suka wuce ya rubuta wata maƙala da ta shahara, inda ya yi wa littattafan da ke alƙawarin koyar da mutum rubuta manhaja cikin ƴan kwanaki raddi, ya ce wanda ke son ƙwarewa ta gaskiya ya sa wa ransa kamar shekara goma. Ba mun kawo wannan ne don mu karya wa kowa gwiwa ba. Cikin shekara ɗaya ko biyu mai ƙwazo zai iya gina abin da zai amfani mutane har a biya shi. Amma gara mutum ya san tsawon hanya kafin ya ɗaura sirdi.

Darasi daga gonakin Agiye

Ba sai mun je Amurka neman misalin ɗorewa ba, domin yana nan a gonakinmu. Dattawa suna tuna yadda ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal bayan farin shekarun 1970, iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka. An dasa itatuwa bila adadin, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke zaune a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ita ce muke kira sassabin zamani: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da masu gatari, sannan ya riƙa komawa yana gyarawa lokaci bayan lokaci.

A lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane suka karɓa da yawa. Da aka samu damina aka daina rabon, da yawa daga cikinsu suka koma suka sare itatuwan. Waɗanda suka ci gaba ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba, su ne suka fara ganin amfanin: itacen girki a kusa, abincin dabbobi, ƙasa ta daina gudu. Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agiye ya yi suna a wannan fanni har baƙi daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa gani, saboda kwamitin da mutanen garin suka kafa na tsaron itatuwa. Da masana suka duba hotunan tauraron ɗan'adam a tsakiyar shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da eka mai faɗin hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka bai wa Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, amma kowa ya san hannun manoma ne ya yi aikin, reshe bayan reshe.

Abubuwa biyu ɗan koyon manhaja zai ɗauka daga nan. Na farko, wanda ya shiga koyo saboda kuɗin zama da ake rabawa a taron horo, ranar da kuɗin ya ƙare koyonsa ya ƙare. Na biyu shi ne datsewa. Matashi zai fara Python yau, jibi ya ji an ce JavaScript ce ke ci, mako mai zuwa ya koma Flutter, bayan wata shida yana da sallama a yare biyar amma ba ya iya hira a ko ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. A zaɓi yare ɗaya da malami ɗaya ko littafi ɗaya, a rufe ido ga sauran har sai an gina wani abu mai aiki. Ginshiƙan duk ɗaya ne a kusan kowane yare: ajiye bayani, gindaya sharaɗi, maimaita umarni, da rarraba babban aiki zuwa ƙanana. Wanda ya riƙe su da kyau a yare ɗaya, na biyu ba zai ba shi wuya ba.

Awa ɗaya a rana

Bari mu yi ɗan lissafi. Horon kwana biyar, awa shida kowace rana, ya kama awa 30. Wanda kuwa ya ware awa ɗaya a rana, kwana shida a mako, na tsawon mako 50, ya tara awa 300 a shekara, wato daidai da irin wancan horo guda goma, ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Yamai ba. Bugu da ƙari, awa 300 da aka rarraba ta fi zama a kai bisa wadda aka ɗura lokaci guda. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da mutum ya koya yakan fara zubewa da sauri a kwanakin farko idan bai koma kansa ba. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin duk wanda ya zauna makarantar allo ya san cewa hadda ba ta zama sai da tilawa, kuma gardin da ya yi wata bai yi ba shi ya san abin da ya tsere masa.

Wani bincike da aka yi a wata jami'a ta birnin Landan a 2009 ya bi diddigin mutanen da ke ƙoƙarin sabawa da wani sabon abu a kullum. An tarar cewa a matsakaici sai da suka yi kwana 66 kafin abin ya zame masu jiki, wasu ƙasa da haka, wasu har fiye da kwana 200. An kuma tarar cewa tsallake rana ɗaya bai ɓata komai ba. Saboda haka wanda biki ko rashin lafiya ko zaman makoki ya hana shi zama yau, kada ya ce shi ke nan. Ya dai yi ƙoƙari kada ranar ta zama biyu, biyu ta zama mako. A 2016 wani matashin magini mai suna Alexander Kallaway ya ɗaukar wa kansa alƙawarin rubuta manhaja aƙalla awa ɗaya kullum har kwana 100, yana sanar da jama'a abin da ya yi, kuma dubban mutane a duniya sun bi sahunsa.

Yaya za a yi wannan a garuruwanmu? A ɗaura awar a jikin wani abu da ba ya motsi. Ga wani bayan sallar asuba ne, kafin gari ya waye a aike shi. Ga wani bayan isha'i, kafin a ɗora shayi. A kuma yi la'akari da shekara yadda take. Da damina, lokacin shuka da noman farko, babu wanda zai ce wa yaro ya bar gona ya zauna kan waya; a lokacin minti 20 ma sun isa a riƙe zaren kada ya tsinke. Bayan an kai amfani gida, rani ya shigo, sai a ninka. Sannan a samu ƙaramin kaye na musamman. Kowace rana a rubuta kwanan wata, abin da aka yi, inda aka maƙale, da abin da za a fara da shi gobe. Wannan layi na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin mafi yawan lokacin da ke salwanta yana tafiya ne wajen tunanin daga ina za a fara.

Abu na ƙarshe a nan, kallon darasi ba shi ne aiki ba. Mutum na iya kallon bidiyo 50 na yadda ake ɗinki bai taɓa zura zare a allura ba. A kalli minti 15, a rufe, a rubuta abin da aka gani da hannu ba tare da leƙe ba, a sauya wani abu a ga me zai faru. Idan jan rubutu ya fito na kuskure, kada a firgita, a karanta shi, domin sau da yawa yana faɗin layin da matsalar take. A yi fama da shi kamar rabin awa kafin a tambayi wani ko a tambayi na'ura. Idan kuma na'urar ta ba da amsa, kada a ɗauka sai an iya bayyana kowane layi da Hausa.

Idan babu kuran, babu reso

Mun san za a ce mana: kuna magana kamar ba ku san halin da ake ciki ba. Mun sani. Alƙaluman Bankin Duniya na 2022 sun nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka muni. Layin wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa yake shigowa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma babu wanda ya manta yadda aka sha duhu bayan da Nijeriya ta katse wuta a watan Agusta na 2023, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage takunkumi. Kuɗin mega ma ba ƙaramin nauyi ba ne ga wanda ba shi da sana'a. Ko da yake Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025, kayansa sun fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta.

Duk da haka akwai dabaru. Akwai manhajoji irin su Pydroid 3 da Termux waɗanda ake sa wa wayar Android, a rubuta Python a gwada shi ba tare da intanet ba. Littafin bayanin Python ana iya sauke shi gaba ɗaya a ajiye a waya, kuma an fassara sashe mai yawa nasa zuwa Faransanci. Ranar da aka shiga gari ko aka samu reso mai kyau, a sauke darussan mako guda, abokai su raba ta waya zuwa waya. Akwai darussa kyauta a freeCodeCamp, wanda wani tsohon malamin makaranta ya kafa a 2014, da darasin CS50 na jami'ar Harvard. Ga masu Faransanci kuma akwai OpenClassrooms, wanda asalinsa wani yaro Bafaranshe ne ɗan shekara 13, Mathieu Nebra, ya fara shi a 1999 domin ya rasa littafin koyo mai sauƙi.

Ranar da waya ta mutu gaba ɗaya, takarda da biro ba su mutu ba. A rubuta umarnin a kaye, sannan a bi shi layi-layi kamar mutum shi ne kwamfutar, ana rubuta yadda kowace lamba ke sauyawa. Magina na farko a duniya haka suka yi, domin a zamaninsu sai mutum ya yi layi kafin ya samu ƴan mintoci a kan na'ura. Wanda ya saba da wannan yakan fi wanda ke danna maɓalli yana fatan sa'a fahimta. A irin wannan rana ce kuma za a haddace kalmomin Ingilishi biyar daga cikin waɗanda ke yawan fitowa a saƙon kuskure, tunda mafi yawan bayanan wannan fanni da Ingilishi suke.

A nemi aikin a gida

Abin da ya fi riƙe mutum a kan koyo shi ne ya ga wani na jiran abin da yake ginawa. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shigowa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, don kawai ƴan kasuwa sun samu damar kiran juna. Idan kira kaɗai ya yi wannan, ina ga manhajar da aka gina daidai da buƙatar mai aya a Cadawa ko mai wake da riɗi a Gazawa?

Muna da misali a cikin gida. Abdou Maman Kane, masanin kwamfuta ɗan Nijar, ya dubi wahalar mai lambu da ke kwana yana ban ruwa, ya ƙera tsarin da manomi zai kunna injin ban ruwa ya kashe daga nesa da wayarsa. A 2011 ya ci gasar da kamfanin Orange ya shirya ta Afirka, a 2015 kuma aka ba shi babbar kyautar Sarki Hassan na Biyu ta ruwa a taron duniya da aka yi a Koriya ta Kudu. Tsakanin waɗannan kyaututtuka biyu shekara huɗu ce ta gyara da gwaji a kan abu ɗaya.

Ɗan koyo ba sai ya fara da babba ba. Ga aikin makon farko: mu a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ashirin ita ce sefa 100, jika kuma 1000. A rubuta abin da zai juya lissafin dala zuwa sefa, ya kuma mayar. Mako na gaba a ƙara masa canjin sefa da naira, wanda mai amfani zai sa farashin ranar da kansa. Daga nan a koya masa cewa buhun gero mai kilo 100 yana ɗaukar tiya kamar 40, ya fitar da kuɗin buhu daga kuɗin tiya, ya cire kuɗin mota da na dako, ya nuna riba ko faɗuwa. Bayan wata uku a sa masa wurin ajiye sunayen masu bashi. A kai wa kawu ko ƙanin baba mai shago ya gwada. Zai ce rubutun ya yi ƙanana, zai ce bai gane wannan maɓalli ba, wata rana ma zai ce lissafin ya ci masa kuɗi. Wannan ƙorafi shi ne makarantar gaskiya, domin gyara abin da aka gina shi ne rabin sana'ar. Linus Torvalds yana ɗalibi ɗan shekara 21 ya fara Linux a ƙasar Finlan a 1991, kuma fiye da shekara 30 ana fitar da sabon gyara kusan duk bayan wata biyu da ƴan kwanaki. A kan wannan Linux ɗin aka gina Android da ke cikin wayoyinmu.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Manhajar da za ta yi magana da manomi da mai talla da ungozoma cikin harshensu, da murya ga wanda bai iya karatu ba, wa ya fi cancanta ya gina ta in ba wanda ya sha harshen a nono ba? A Kano masana irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa na HausaNLP sun yi shekaru suna tattara rubutun Hausa domin na'ura ta fahimce shi. Hausar Gobir da ta Katsinar Maraɗi su ma suna buƙatar masu yi masu wannan hidima.

Fada ta zama makaranta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara, inda mata ke haɗuwa kowane mako kowace ta zuba ɗan abin da ta iya, wadda ta makara ko ta yi fashi ta biya tara. Wannan tsari da iyayenmu mata suka raya yau an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na duniya. Sirrinsa ba yawan kuɗin ba ne, zuwa ne kowane mako, da kunyar idon ƴan'uwa.

Me zai hana samari uku ko huɗu, ko ƴanmata uku ko huɗu, su yi irin wannan asusu na ilimi? A tsayar da rana ɗaya a mako. Kowa ya zo ya nuna abin da ya rubuta, ya bayyana shi, sauran su nemo kuskure. Wanda ya zo hannu rabbana shi zai sayi sukari da ganyen shayi. Idan kwamfuta ɗaya ce a tsakaninsu, a raba kwanaki. A kuma koyi amfani da Git tun da wuri, wato manhajar da ke adana tarihin duk wani gyara da aka yi wa aiki, a riƙa ɗora ayyukan a GitHub idan an samu reso. Mai ba da aiki a Yamai ko Kano ko Dakar ba zai iya zuwa Sae Sabuwa ya ga ƙwazon mutum ba, amma zai iya buɗe shafinsa ya ga shekara biyu na aiki jere da kwanan wata. Wannan shaida ta fi takardar taron kwana biyar nauyi. Littafin asusun matan unguwa ma, wanda ake rubutawa da hannu, aiki ne mai kyau da irin wannan fada za ta iya ɗauka ta mayar manhaja.

Kira ga iyaye da shugabanni

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, gonaki kuma kullum ƙara tsukewa suke wajen rabon gado. Ba muna cewa kowane yaro zai zama maginin manhaja ba ne, ko kuma wannan sana'a za ta hana tafiya ci-rani. Amma wanda Allah Ya ba sha'awar, bai kamata a kashe masa ita ba. Iyaye su bambanta yaron da ke wasa da waya da wanda ke aiki da ita, hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce: a ce ya nuna abin da ya gina a wannan mako. Ƴaƴa mata musamman a rage masu aikin gida na awa ɗaya, domin kansu bai fi na kowa rauni ba.

Ga magadan gari da shugabannin makarantu da masu hannu da shuni, abin da ake buƙata bai kai kuɗin taron buɗe horo da rufe shi ba. Ɗaki ɗaya a gidan matasa ko a lise, da faranti biyu na hasken rana, da kwamfuta ko da biyar ce, a buɗe shi kullum a kan lokaci har shekara ta zagayo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana da ɗalibai ƴan asalin waɗannan gundumomi da ke dawowa gida hutu, ana iya roƙonsu su riƙa duba ayyukan ƙannensu. Cibiyoyi irin su CIPMEN da ta buɗe a Yamai a 2014 domin tallafa wa masu sababbin sana'o'i, su ma su tuna cewa ƙasar ba ta ƙare a bakin kogin Kwara ba.

Ku kuma ƙannenmu, kada ku jira sai an kawo ɗakin. Manomin Ɗan Saga bai jira an kawo masa dashe daga waje ba, abin da ke cikin gonarsa ya duba ya kama gyara. Wayar tana hannu, kaye ba shi da tsada, awa ɗaya kuma kowa yana da ita. A rubuta kwanan watan yau a shafin farko, gobe a rubuta na gobe. Idan shekara ta zagayo muna nan, ku aiko mana da labarin abin da kuka gina, mu kuma mu sanar da jama'a. Allah Ya ba da sa'a.